Cinikin biri a sama: wace hanyar biya ta fi kare mai saye ta intanet a Nijar?

Tura kuɗi ya yi sauƙi daga Yamai har Damagaram, amma dawo da su idan ciniki ya ɓaci har yanzu jan aiki ne. Sharhi kan hanyoyin biyan da jama'a ke bi, da wanda kowace hanya ke ɗora wa asara.

Da wuya mutum ya buɗe WhatsApp a Maradi ko Tawa a kwanakin nan bai ci karo da hoton atamfa, shadda, takalmi, turaren wuta ko wayar salula da kuɗinta a rubuce ba. Matan aure na sayarwa daga cikin ɗaki, ɗalibai na tallar kaya a Facebook da TikTok, masu rumfa a Babbar Kasuwar Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram su ma sun mayar da wayarsu rumfa ta biyu. Ciniki kan tafi yadda aka saba: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Inda ake cijewa shi ne tambayar ƙarshe: ta ina za a biya, kuma yaushe?

Mai kaya na son ganin kuɗi kafin ya saki kayansa, mai saye na son ganin kaya kafin ya saki kuɗinsa. A kasuwar ido da ido wannan bai taɓa zama matsala ba, domin hannu ɗaya ke miƙa kuɗi, ɗayan ya karɓi kaya. Ta intanet kuwa akwai tazara a tsakani, wani lokaci ta awa ɗaya, wani lokaci ta wata biyu. Duk hanyar biyan da aka zaɓa, abin da take yankewa shi ne wanda zai kwana da fargaba a cikin wannan tazara, da wanda asara za ta hau kansa idan abu ya lalace.

Kasuwar da ba ta da sarki

A ƙasashen da cinikin intanet ya kafu, babban shago ne ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Shi ke karɓar kuɗi ya riƙe, ya sake su bayan kaya sun isa, ya raba gardama idan ta taso. Nijar ba ta biyo ta nan ba. Jumia, wanda ke aiki a Najeriya, Gana da Senegal, ba shi da reshe a ƙasar. Yawancin cinikin na gudana ne kai tsaye daga lambar waya zuwa lambar waya, a dandalin da aka gina don zumunci, wanda bai ɗauki alhakin abin da ake sayarwa a cikinsa ba.

Katin banki, wanda shi ne hanyar farko a Turai da Amurka, na ƴan tsiraru ne a nan. Binciken Global Findex na Bankin Duniya ya sha nuna cewa baligan da ke da asusu a Nijar, na banki ko na waya, ba su kai 2 cikin 10 ba, abin da ya sanya ƙasar cikin na ƙarshe a duniya.

Inda Nijar ke da ƙarfi shi ne kamfanonin aika kuɗi na cikin gida: Nita, Amana, Al Izza, BNIF Afuwa, Zeyna, waɗanda rassansu suka shiga unguwanni da garuruwan da banki bai taɓa takawa ba. Wasunsu sun fito da manhajar waya, irin su MyNita da AmanaTa. Ga kuma asusun kamfanonin sadarwa: Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa ƙasar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024, ya ƙara musu kasuwa. A waɗannan watanni bankuna sun taƙaita abin da mutum zai iya cirewa, layuka suka yi tsawo, jama'a da dama suka koyi biya ta waya bisa tilas.

Sai dai an gina waɗannan hanyoyi ne don wata buƙata dabam: ɗan ci-rani ya aika wa mahaifiyarsa, ma'aikaci a Yamai ya aika kuɗin cefane gida Tasawa ko Madawa. Mai aikawa ya san mai karɓa, kuma ba ya jiran wani abu ya dawo masa. Da aka ɗauki wannan hanya aka shiga ciniki da baƙo, sai aka sami sauri ba tare da kariya ba.

Biya hannu da hannu idan kaya sun iso

Wannan ita ce hanyar da mai saye ya fi so, kuma dalilinsa a fili yake: gani ya kori ji. Ɗan kabu-kabu ya kawo kaya ƙofar gida, a buɗe, a duba launi da girma, a gwada waya ko tana kamawa, sannan a ƙirga kuɗi. Idan shaddar da aka gani a hoto ba ita ce ta iso ba, a mayar.

Amma dukan nauyin yana kan mai sayarwa. Ita ce ta biya kuɗin kayan tun farko, ita ce ta ba ɗan aike amanarsu, kuma idan mai saye ya sauya ra'ayi, ko ya kashe waya, ko ya ce maigida bai dawo ba, ita za ta biya kuɗin zuwa da dawowa. A garuruwan da ake kwatanta gida da masallaci, famfo ko injin niƙa, ɗan aike kan ɓata awa guda yana neman ƙofa. Ga matsalar canji, wadda duk mai hulɗa da sefa ya sani, ga takardar kuɗin da ta yage ake ƙin karɓa. Ga kuma kuɗin da ke kwana a aljihun ɗan aike, wanda shi ma amana ce ta biyu.

Shi ya sa masu sayarwa da yawa suka tsaya a tsakiya: a turo kuɗin abin hawa tukuna, kuɗin kaya kuma sai sun iso. Mai saye na gaskiya ba ya ƙin biyan ɗari biyar ko jaka ɗaya ta kabu-kabu, mai wasa kuwa a nan ake gane shi. Iyakar wannan hanya ita ce gari ɗaya. Da zarar kaya za su bar Yamai zuwa Maradi, tafiyar da ta haura kilomita 600, ba mai sayarwar da zai yarda ya aika su bisa alkawarin baki.

Tura kuɗi kafin kaya

Idan aka tura kuɗi gaba ɗaya ta waya ko ta reshen kamfani, nauyi ya juya ya hau kan mai saye. Kuɗin da aka tura aka cire sun tafi. Kamfanin ya cika aikinsa tun da ya kai su ga lambar da aka ba shi, kuma ba ya cikin yarjejeniyar atamfa ko waya. Umarnin da babban bankin BCEAO ya fitar a watan Mayun 2015 kan kuɗin lantarki ya wajabta wa masu wannan sana'a su ajiye kwatankwacin kuɗin jama'a a asusu na musamman. Wannan yana kare mai asusu idan kamfanin ya shiga matsala. Bai shafi mai sayarwar da ya karɓi kuɗi ya ɓace ba.

Salon ƴan damfara sananne ne. A kwashi hotunan kayan wani shago, a buɗe shafi, a sa farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa, a ce saura biyu kacal, a matsa wa mai saye ya turo yanzu. Da kuɗi sun shiga, sai a toshe lambarsa. Sun fi son ƙananan kuɗi daga mutane da yawa, domin sun san wanda ya rasa jaka 15 a Damagaram ba zai yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai don bin sawu ba, kuma kunya na hana wasu faɗa ko a gida.

Masu sayarwa ma ba su tsira ba. Akwai saƙon bogi mai kama da na kamfani da ke cewa kuɗi sun shiga, akwai hoton resi da aka gyara, akwai mai kira ya ce ya yi kuskuren turo kuɗi, a taimaka a mayar masa. Maganin duka ukun ɗaya ne: a buɗe asusu a duba abin da ke ciki da ido kafin a saki kaya ko a mayar da ko dala. Lambar sirri kuma ba a ba kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Duk da haka, hanyoyin tura kuɗi ba ɗaya suke ba wajen barin sawu. Kuɗin da aka aika ta reshe da sunan mutum, sai ya nuna katin ɗan ƙasa kafin ya karɓa, kuma mai aikawa na riƙe da resi. Manhajoji da yawa na nuna sunan mai asusu kafin a tabbatar da biya. Idan mai sayarwa ta ce sunanta kaza, amma lambar ta fito da wani suna, ko aka ce a tura ta lambar wani ƙane ko mai shagon unguwa, wannan wuri ne na tsayawa a yi tambaya. Sau da yawa dalilin na gaskiya ne, domin mata da dama na amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan miji ko ɗa. Amma idan rigima ta taso, wanda sunansa ke kan resi shi ake iya nema.

Kafin alƙalami da motar tasha

Tsakanin gari da gari, ƴan kasuwa sun samo wa kansu mafita ba tare da jiran doka ba. A ɗauki misalin wata mata a Damagaram da ta ga turmi biyu na atamfa a jaka 30 wurin mai sayarwa a Yamai. Sai ta tura kafin alƙalami, a ce jaka 10. Mai sayarwa ta ɗaure kaya, ta kai sashen saƙo na ɗaya daga cikin kamfanonin sufuri irin su Rimbo, STM ko Sonef, ta ɗauki hoton takardar da aka ba ta mai ɗauke da sunan mai karɓa, ta turo. Daga nan a cika sauran, ko dai nan take, ko bayan an karɓi kaya a tasha, gwargwadon yadda aka yi da juna.

Amfanin wannan tsari shi ne ya raba haɗarin gida biyu. Kowa na da abin da zai rasa, don haka kowa na da dalilin cika alkawari. Rauninsa kuma shi ne takardar tasha na shaida cewa an aiko ƙunshi, ba ta shaida abin da ke ciki. Masu lura kan nemi a ɗauki bidiyon kayan lokacin da ake ɗaure su, su ma su ɗauki bidiyo lokacin buɗewa. Wasu kuma kan tura ɗan'uwa ko abokin da ke garin ya je ya ga kayan da idonsa, ya biya a can. Wannan ta fi kowace tsufa, kuma har gobe ta fi kowace inganci.

Yawan kafin alƙalami shi ma magana ce. Kayan da ke ajiye a rumfa, waɗanda idan wannan bai saya ba wani zai saya, ba su buƙatar fiye da abin da zai rufe kuɗin aike. Kayan da za a yi wa mutum shi kaɗai, kamar ɗinki da awonsa ko kilishin biki, dole mai yi ya nemi kuɗin kayan aiki tun farko, domin idan aka fasa babu inda zai kai su.

Idan kayan na Kano ne

Ga Maradi, Konni da Damagaram, cinikin intanet ba ya tsayawa a iyaka. Katsina na kusa da Maradi fiye da yadda Yamai take, kuma ɗan kasuwar da a da sai ya shiga mota zuwa Kantin Kwari a Kano, yau yana zaɓar kaya ta bidiyo. A can kuwa, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tura kuɗi ta banki ko ta OPay, PalmPay da Moniepoint ya zama ruwan dare. Mai kaya a Kano lambar asusu zai turo, yana jiran naira.

Mai saye a Nijar sefa ke hannunsa, don haka sai mutum na uku ya shigo: ɗan canji, wanda ke karɓar sefa a nan ya tura naira daga asusunsa na can. Wannan na ƙara haɗari biyu. Na farko, farashin canji. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi daga wajen 460 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma a lokutan da take rawa, farashin safe kan bambanta da na yamma. Idan aka yi ciniki yau aka biya jibi, wa zai ɗauki bambancin? Na biyu, sunan da zai fito a asusun mai kaya na ɗan canji ne, ba na mai saye ba. Idan mai kaya ya ce bai ga kuɗi ba, shaidar tana hannun wani.

Masu wannan hanya da suka daɗe ba sa wasa da abu uku: a tsayar da kuɗin da za a yi ciniki da shi, naira ko sefa, a rubuce, a yi canji ranar da za a biya, a karɓi shaidar turawa daga ɗan canji a aika wa mai kaya nan take, ya amsa cewa ya gani. Kuma ɗan canjin ya zama mai wurin zama sananne a kasuwa, wanda gobe za a same shi.

Katin banki da kayan ƙetare

Wanda ke saye daga Alibaba ko AliExpress na China, ko wani shago a Turai, yana shiga wata duniya dabam, inda kati ke da fa'idar da sauran hanyoyi ba su da ita. Idan aka biya a cikin shagon, shagon ne ke riƙe kuɗin, kuma akwai wurin shigar da ƙorafi idan kaya ba su zo ba ko sun saɓa da abin da aka nuna. Bayan haka, dokokin Visa da Mastercard sun ba mai kati damar ƙalubalantar biya ta hannun bankinsa cikin wa'adi, galibi kwana 120. Hanya ce mai jan lokaci da takardu, amma tana nan.

Wannan kariya na faɗuwa da zarar an fita daga shagon. Mai kaya kan ce a koma WhatsApp, zai yi ragi idan aka tura masa kai tsaye. Ragin da ya yi shi ne kuɗin kariyar da mai saye ya sayar da hannunsa. Haka nan yawancin ƙananan ƴan kasuwa ba da kati suke biya ba: suna ba wakili sefa a Yamai ko Maradi, abokin aikinsa a Guangzhou ko Yiwu ya biya da kuɗin China, ya tara kaya ya auno. A nan amanar duka tana wuyan wakilin, don haka shi ya kamata a bincika fiye da mai kayan.

Akwai lissafin da ake mantawa. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka farashin yuro ba ya motsi, na dalar Amurka kuwa yana hawa da sauka, kuma banki na ɗora la'adarsa. Ga kuɗin jirgi da na duwan, waɗanda ba sa cikin farashin da ke kan allo. Ga kuma lokaci. Ko bayan ɗage takunkumi, Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kayan da a da ke sauka Kotonu suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da jiran rakiya. Duk ranar da ta ƙaru a hanya, rana ce da kuɗin mai saye ke hannun wani, kuma wa'adin ƙorafi na iya ƙarewa kaya ba su iso ba. Mai saye da kati ya riƙa duba ranar da wa'adin zai cika, ya shigar da ƙorafi kafin ta wuce.

Ga mai tsoron a kwashe masa asusu, katin da ake loda wa kuɗi ya fi wanda ke haɗe da asusun albashi. A zuba masa daidai abin da za a kashe, ko lambarsa ta faɗa hannun ɓarawo, iyakar abin da zai samu ke nan.

Dillalin da ya ɓace

Matsalar ciniki da wanda ba a sani ba ta girmi intanet. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da masu kora shanu zuwa kudu, sun warware ta da fatoma ko maigida: baƙo ya sauka gidansa, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa abokin ciniki, ya tsaya masa lamuni, ya ɗauki la'adarsa. Har yau a kasuwar dabbobi dillali ne ke shaida cewa sa ba na sata ba ne, kuma shi ake kamawa idan magana ta taso. La'adar da ake ba shi kuɗin wannan alhaki ne.

Malaman fiƙihu ma sun tattauna batun tun da daɗewa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a makarantun zaure, ta halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffanta shi, amma ta taƙaita sharɗanta biya tun kafin a gani, sai idan kayan na kusa ko kuma irin waɗanda ba sa sauyawa ne. A mazhabar Malikiyya, idan kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye na da zaɓin mayarwa. Wato tun ƙarni na 10 an gane cewa nisa da lokaci su ne ke sa biyan gaba ya zama haɗari.

Abin da wayar salula ta yi shi ne ta cire dillali daga tsakani, ta bar gurbinsa ba kowa. An huta da la'ada, an kuma rasa wanda za a kama.

Abin da sabon tsari zai gyara, da wanda ba zai gyara ba

A ranar 30 ga Satumban 2025, BCEAO ya ƙaddamar a Dakar da tsarin biya na nan take da ake kira PI-SPI, wanda aka tsara don ƙasashe 8 na UEMOA. Nijar na cikinsu, domin ficewarta daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ba ta shafi sefa ba. Manufar ita ce kuɗi su riƙa wucewa cikin daƙiƙoƙi tsakanin asusun banki, asusun waya da na ƙananan cibiyoyin bashi, dare da rana. Gwargwadon yadda cibiyoyin ƙasar suka shiga ciki, zai rage wahalar da aka sani: mai saye na da wannan asusu, mai kaya na da wancan, sai an cire an sake zubawa, ana biyan la'ada sau biyu.

Amma sauri ba ya maye gurbin amana. Kuɗin da suka isa cikin daƙiƙa biyar, cikin daƙiƙa biyar ɗin ɗan damfara ke samunsu. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci kan zamba ta intanet, kuma ƴan sandan bincike na karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Wanda ya ajiye resi, lambar waya da saƙonnin ciniki, har da na murya, ya fi wanda ya goge su madafa. Sai dai doka na zuwa ne bayan ɓarna.

Giɓin da ya rage na riƙon amana ne, kuma waɗanda suka fi dacewa su cike shi suna nan a ƙasa. Kamfanonin sufuri na da kaya a hannunsu, kamfanonin aika kuɗi na da kuɗi a hannunsu, wasu lokuta ma rassansu na kallon juna a tasha ɗaya. Gidajen waya na duniya sun daɗe da sanin tsarin da mai karɓa ke biya a kanta kafin a miƙa masa ƙunshi, sannan a aika wa mai kaya kuɗinsa. Idan aka ƙara masa damar buɗe ƙunshi a gaban ma'aikaci, yawancin rigimar da ake yi tsakanin Yamai da jihohi za ta ragu. Kamfanin da ya yaɗa wannan har ya zama abin da kowa ya sani, shi zai gaji kujerar fatoma, da la'adarta.

Akwai kuma batun harshe. Kundin da aka sanya wa hannu a ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma saƙonnin tabbatar da biya galibi da Faransanci suke zuwa, a ƙasar da fiye da rabin baligai ba sa karatun boko. Wanda sai ya miƙa wa wani waya ya karanta masa saƙo, ko ya danna masa lambar sirri, ya riga ya buɗe ƙofa. Ana cinikin da saƙon murya cikin Hausa da Zabarmanci; ya kamata shaidar biya ma ta iya magana da su.

Ma'aunin zaɓe

Kafin a kai can, mai saye na da tambayoyi uku da za su nuna masa hanya. Ya san mai kayan, ko ya san wanda ya san shi? Kwana nawa ne tsakanin fitar kuɗi da isowar kaya? Idan kuɗin suka salwanta, zai iya jurewa?

A cikin gari, a biya kuɗin aike, sauran sai kaya sun iso. Tsakanin garuruwa, kafin alƙalami da takardar tasha, ko ɗan'uwa ya je ya gani. Da Najeriya, a tsayar da farashin canji da ɗan canji mai rumfa. Da ƙetare, kati a cikin shagon, ba a bayan fage ba. Biya gaba ɗaya tun kafin a ga komai, a bar shi ga wanda aka yi ciniki da shi sau da yawa aka ga cikawarsa, kuma ko shi a fara da kaɗan.

Mai sayarwar da ke son a yarda da ita ita ma tana da abin yi: lamba ɗaya mai sunanta, wurin da za a iya samunta, da bayani tun farko kan abin da zai faru idan kaya ba su yi ba. A kasuwar da ba ta da sarki, wannan ne jarin da ya fi hoto mai kyau. Wanda kuwa ya ƙi kowace hanya sai a turo duka yanzu-yanzu, ya ƙi bidiyo, ya ƙi a aiko wani ya gani, ya riga ya ba mai saye amsar da yake nema.